Ranar da Aka Cinye Irin Waken Menka

A ƙauyenmu na gindin dutsen Shar babu gidan da ba a gasa kaskon wake ran Juma'a, amma idan aka ce "wake" aka yi shiru, kowa ya san na Iya Menka ake nufi. Haka ma idan aka ce "masifa" aka yi shiru. Ban taɓa ganin matar da Allah ya haɗa wa daɗin hannu da ɗacin baki kamarta ba. Har yau idan na tuna abin da ya faru ranar sadakar arba'in ɗin mijinta sai raina ya ɓaci, kuma babban abin haushin, na rasa wanda zan ɗora wa laifin in huta.

Tana da shekara goma sha tara aka sauko da ita gidan mijinta Kuzman daga wani ƙauye can saman dutse, wanda yanzu ko kare ba ya haushi a cikinsa, kowa ya watse. A cikin akwatin aurenta, ƙarƙashin kayan saƙa, uwarta ta cusa mata safar ulu guda cike da irin wake. Fari ne tas, mai faɗi kamar farcen babban yatsa, idan ya dahu ba ka jin fatarsa a harshe. Shekara arba'in da tara Menka tana shuka jikokin wannan safar a 'yar gonarta ta bayan gida. Kuzman ya kafa sandunan da waken zai hau, ita ta sara rami, shi ya bi ta a baya yana jefa ƙwaya huɗu-huɗu yana rufewa da ƙafa, tana yi masa faɗan ya cika sanyin jiki.

Idan kaka ta yi aka sauke wake daga sanduna, sai ta shimfiɗa bargo a tsakar gida ta zauna tana tsincewa ita kaɗai. Kwanson da bai kai ƙwaya biyar ba, na ci ne. Ƙwayar da ta yi tabo, ko ta lanƙwashe, ko ta ɗan gaza 'yan'uwanta girma, ta ci ce. Abin da ya tsira daga idonta shi ne iri. Ta ɗura shi a jakar ƙyalle da tafarnuwa saboda ƙwari, ta saka a akwatin nan na aure, ta kulle, ta rataya mabuɗin a wuya a igiya ɗaya da gicciyenta. Ba ta taɓa ce wa kowa zo ka ga yadda ake yi ba. Ɗanta tilo, Zafir, ya tashi ya girma ya bar ƙasar bai san abin da ke cikin akwatin ba, abin da ya sani kawai shi ne wanda ya taɓa shi zai ji a jikinsa.

Girkin kam ba ta ɓoyewa, don ta san ko an gani ba a iyawa. Ta jiƙa waken tun yammacin Alhamis. Da safe ta tafasa ta zubar da ruwan farko, ta sake ɗorawa da albasa da busasshen tattasai, wuta kaɗan-kaɗan, ba a sa cokali sai dai a girgiza tukunya. Ta soya garin jan tattasai a mai ta sauke kafin ya yi ɗaci, ta juye duka a kaskon yumɓun da ya girmi ɗanta, ta barbaɗa na'a-na'a, ta tura tanda har samansa ya yi ɓawo ja, ƙasansa na tafasa a hankali. Masu gidajen abinci na birni da ke rubuta sunan girkin, tafce-grafce, a allo suna kawo maka jiƙaƙƙen wake a kwanon ƙarfe, ita cewa take a kama su.

Ga dokar gidanta. Dafaffe, ka ci har ka kasa tashi. Gidan mai jego, gidan mara lafiya, gidan mutuwa, kaskon Menka ne ke fara isa, da zafinsa, a naɗe cikin tawul. Amma ɗanye, ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙetare ƙofarta. Ba ta sayarwa, ba ta bayarwa. Matar limamin cocinmu ma ta taɓa roƙa, Menka ta ce mata ta tambayi mijinta, ai ya san inda ake roƙo a samu.

"In ba ku, ku kai kasuwa ku cakuɗa da tsakuwar nan da ake shigo da ita daga ƙasashen waje, ku ce waken nan namu na Tetovo ne? Uwata ba ta haife ni don haka ba."

Idan ta shiga kasuwar birnin Tetovo 'yan wake har sunkuyar da kai suke yi. Ta ɗauki ƙwaya ta gatsa, ta tofar a gaban masu saye, ta ce, "Wannan ko harsashi aka yi da shi sai ya kashe mutum." A gida kuwa babu ranar da Zafir bai ji karatun ba tun yana rarrafe: waken kanti abin kunya ne, wanda ya sa wa baƙo waken kanti ya zagi iyayensa. Yaron ya haddace karatun sarai, kuma shi ne abin da ya kai su ya baro.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Dosta. Da can ƙawaye ne, ta kan katangar suke miƙa wa juna kofin gahawa. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce mijin Dosta ya rasu a wurin aikin hanya, ya bar ta da 'ya'ya uku. Sanyin shekarar ya yi tsawo, abinci ya ƙare, Dosta ta rufe ido ta dafa irinta ta ba yaran. A yi wa Menka adalci, duk Juma'ar wannan sanyin kasko biyu take gasawa, ɗaya ya haye katanga. Amma da lokacin shuka ya zo Dosta ta roƙi iri ko cikin tafi ɗaya ne, sai Menka ta dube ta ta ce, "Wadda ta cinye nata, ita zan ba nawa?"

A shekarar shukar Menka ta fito sama-sama, ba yadda ta saba ba. Ta ce hankaki ne suka tone, ta sa Kuzman ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, ta yi sati tana zagin tsuntsaye. Sai a watan Agusta ta leƙa kan katanga ta ga wake yana hawa sandunan Dosta. Kallo ɗaya ta yi wa kwanson ta gane nata ne. Ran Lahadi ta tare ƙofar coci ana fitowa, ta nuna Dosta da yatsa a gaban duk gari.

"Ɓarauniya! Na ciyar da 'ya'yanki, kika haura katanga kika tone mini shuka!"

Dosta ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba, ta ja hannun 'ya'yanta ta wuce. Daga ranar Menka ta kafa sabuwar doka: babu ɗan gidanta da zai ƙara amsa gaisuwar Dosta ko kiranta. Zafir yana da shekara tara. Sau ɗaya ya manta ya amsa, aka murɗe masa kunne har ya kwana biyu yana zogi, bai ƙara mantawa ba. Shi kuwa Kuzman, "to" ce kawai a bakinsa, kamar kullum. Mutumin kirki ne, amma ni dai shirunsa ya sha ba ni haushi.

A bana, makon farko na Babban Azumin da ake yi kafin Ista, Kuzman ya zauna a kujerarsa bayan ya shigo da itace, bai ƙara tashi ba. Bara fari aka yi, waken ci bai yi yawa ba. Ga shi cikin azumi ba nama, ba madara, ba ƙwai, duk wanda ya zo gaisuwa wake za a sa masa. Ranar jana'iza, ranar uku, ranar tara, Menka ta ciyar da jama'a har buhun ya zama fayau, ita kanta ba ta lura ba, don hankalinta ba ya jikinta. Saura kwana goma sha biyu arba'in santsi ya kwashe ta a matakalar ƙofa, ƙashin ƙugu ya karye. Aka kai ta asibiti a birni. Zafir ya taso daga Suwizalan, inda ya yi shekara ashirin yana aikin kuku. Kafin a shiga da ita tiyata ma'aikatan jinya suka cire mata igiyar wuya suka damƙa masa tare da sauran kayanta.

Da ta farfaɗo, ba ƙugunta ta fara tambaya ba.

"Zafir, matso. Idan ka sa wa ubanka waken kanti a arba'in ɗinsa, ban yafe ba."

"Mama, na gida fa ya ƙare. Na duba ɗakin ajiya."

"Da idon Suwizalan ka duba. Gidana guda a ce babu wake? Akwai! Ka buɗe ido ka nemo, sakarai."

Buhun da ke bayan garin alkama take nufi, wanda aka karkaɗe tun ranar tara. Ta manta. Shi kuma ya ce to, irin ta ubansa.

Ranar arba'in Asabar ce. Da safe aka ɗauko ta a keken marasa lafiya aka wuce da ita maƙabarta. Limamin coci ya yi addu'o'insa, aka kunna kyandir, aka raba dafaffiyar alkama. Menka ba ta yi hawaye ba. Fuskarta a murtuke, tun a mota ta gama shirya abin da za ta gaya wa Zafir idan ta gatsa tsakuwa. Aka dawo gida, an jera tebura a tsakar gida, mutum kusan arba'in. Sai ga Zafir yana fitowa da kasko ɗaya bayan ɗaya har shida, wasu na aro, samansu ja, suna tururi. Ya zuba wa uwarsa da hannunsa, ya tsaya a gefe yana goge hannu a tawul kamar yaron da ke jiran sakamakon jarrabawa.

Ta kai cokali ɗaya baki. Waken ya narke. Babu fata, babu tauri, mai ya ratsa shi har ciki. Wallahi na ga fuskarta ta saki, abin da ban gani ba tun rasuwar Kuzman. Ashe dai yaron ya nemo. Ashe ya iya. Mutane suna ta "Allah ya jiƙan Kuzman," suna dangwala burodi, wata ma ta ce, "Iya Menka, ɗanki ya gaje ki."

Sai ta kalli cokali na biyu. Ta ƙara kallon kwanon. Duk ƙwayoyin girmansu ɗaya. Babu mai tabo, babu lanƙwasasshiya, babu ƙarama ko ɗaya. Waken ci ba ya taɓa zama haka, ai ita ke tsince shi. Ta kai hannu wuyanta. Babu igiya.

"Zafir. Ina ka samo waken nan?"

"A akwatinki, Mama." Har da murmushinsa. "Kin ce in nema. Na juye gidan nan kaf, sai na tuna da mabuɗin. Na ce ashe Mama ta ɓoye mai kyan ne saboda babbar rana irin wannan."

"Nawa ka ɗiba?"

"Duka mana. Mutum arba'in fa. Da ƙyar ma ya—"

Cokalin ta fara jifa, ya wuce ta gefen kunnensa. Sannan ta buɗe baki.

"Iri ne! Irina ne, ɗan banza! Irin uwata ka dafa wa gari! Shekara arba'in da tara! Fari bai cinye shi ba, ƙanƙara ba ta cinye shi ba, ƙwari ba su cinye shi ba, sai kai da na haifa da cikina! Wane irin jaki ne zai ga wake a kulle cikin kayan aure ya ce na miya ne? Kuku! Kukun uban wa?"

"Mama, ni ina na sani? Kin taɓa gaya mini? Kin taɓa bari na leƙa?"

"Ka rufe mini baki!" Ta juyo kan jama'a, kowa cokalinsa a sama. "Ku kuma kuna kallona! Ku ci mana! Ba shi kuka yi shekaru kuna roƙo ba? To ga shi nan, ku cinye, ku suɗe kasko, daga yau babu shi a duniya!"

Babu wanda ya ƙara kai loma sai wani tsohon kurma a ƙarshen tebur, wanda bai san abin da ake ciki ba, ya ci gaba da cinsa yana gyaɗa kai. Jama'a suka zame ɗaya bayan ɗaya. Zafir, ƙato mai shekara arba'in, ya tsaya tsakiyar tebura yana hawaye.

Ta sa shi ya juye jakar ƙyallen ciki waje. Ta sa shi ya kwashe kayan akwatin ya bi kowane lungu da yatsa. Ya duba ƙarƙashin murhu, ya kwance bututun wurin wanke-wanke, ya tona sharar bayan gida. Tafarnuwa kawai aka samu. Yaron ya koyi tsabtar Turawa, bai bar ko ƙwaya ɗaya a ƙasa ba.

Kwana uku ba ta yi masa magana ba. Tana kwance a gadon da aka jawo mata kusa da taga, tana tunanin ƙauyen uwarta da rufin gidajensa suka rufta. Babu wanda za a je a tambaya a can. Uwarta ta damƙa mata abu ɗaya tak a duniya, ta tsare shi kamar ranta, ta ɓata da rabin gari a kansa, sai ga shi ya ƙare a cikin mutanen da ta hana. Baƙin cikin ya fi na ƙugun ciwo. Kuma ta tagar nan, kamar da gayya, tana hango kan sandunan da Dosta ta fara jerawa a jikin katanga.

A rana ta huɗu Zafir ya tsaya daga bakin ƙofa, inda cokali ba zai same shi ba.

"Mama, ai akwai shi a gidan Gwaggo Dosta."

"Ka ƙara faɗin sunan nan ka gani."

Bai ƙara ba. Hutunsa ya ƙare ya koma bakin aiki, wata 'yar'uwar Kuzman ta zo zaman jinya. Ista ta zo ta wuce. Ƙasa ta yi ɗumi. A wurinmu ana shuka wake ne a makon bikin Waliyyi Gyorgi, farkon Mayu, kuma duk wanda ya shuka ya shuka, ba ya rage iri a jaka. Menka ta san da zarar Dosta ta zuba nata a ƙasa, sai wata kakar, kuma a shekarunsu babu wadda ke da tabbacin wata kakar. Saura kwana tara ta jawo ƙarfen dogarawar da aka ba ta a asibiti, ta ɗaura ɗankwalin takabarta, ta fita. Daga ƙofarta zuwa ta Dosta taku ashirin ne. Ta fi minti goma tana jan ƙafa, tana zagin kowane dutse.

Ta tarar da Dosta a tsakar gida, faranti a cinya, tana duba iri. Menka ta kalli farantin. Shi ne. Fari tas, mai faɗi, an tsince shi yadda ya kamata, abin da ya ƙara mata haushi.

"Na zo karɓar kayana."

Dosta ba ta ɗago ba. "Wane kayan naki?"

"Wanda kika sata."

Sai a lokacin Dosta ta dube ta, ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Shekara talatin da ɗaya, Menka. Kin ɗingiso har nan da karyayyen ƙugu, abin da kika ɗauko a bakinki ke nan? To bari in tambaye ki. Wadda ta cinye nata, ita zan ba nawa?"

Menka ta ji kamar an mare ta. Ta gane maganar, tata ce, ko harafi ba a canza ba.

"Ba ni na cinye ba. Wawan ɗana ne."

"Na gan shi ai. Ta kan katanga na hango shi ya fito da jakar zai juye a ruwa. Na gane ta. Na kira shi."

"Kin gan shi? Kika bari?"

"Sau uku na kira shi. Zafir, Zafir, Zafir. Ya kalle ni ido cikin ido, ya kwashi robarsa ya shige ya rufe ƙofa. Yaro mai biyayya, tarbiyyarki. Da na so da na ɗaga murya na ce iri ne, ko ta taga zai ji. Amma na ce bakina ya gaji. Na yi nadama daga baya, ba zan ɓoye ba. Sai dai ba sosai ba."

"Muguwa. Ga sata ga mugunta."

"Zauna kafin ki faɗi a gidana a ce ni na ture ki." Dosta ta turo mata kujera da ƙafa. Menka ta zauna, don ƙafar ta ƙi ɗaukarta, ba don an ce ba. "Na yi wa mutum alkawarin zan yi shiru muddin yana raye, kuma na cika. Ni ban taɓa haura katangarki ba. Da wane ƙarfin? Kuzman ne ya kawo mini."

"Ƙarya kike! Mabuɗin bai taɓa barin wuyana ba."

"Wa ya ce miki akwati ya buɗe? Ranar shuka ne. Kina gaba kina sara rami kina zaginsa, yana baya. Huɗu kika ce ya riƙa sakawa, ko? Uku ya riƙa sakawa, ta huɗun a aljihu. Da kika tafi ɗora abinci ya miƙo mini ta kan katanga a cikin hularsa. Ya ce, Dosta, don Allah kar ta sani, kin san bakinta."

Abin da ya faɗo wa Menka a rai ba fuskar Kuzman ba ce, mutum-mutumin nan ne. Ta tuna yadda ya tsaya yana cusa ciyawa a tsohuwar rigarsa, tana nuna masa inda zai kafa, yana cewa, "To. Lallai hankakin bana sun yi yawa." Ta tuna ƙofar coci, yana tsaye a bayanta riƙe da hularsa, ita wannan hular, tana kiran baiwar Allah ɓarauniya, bai ce uffan ba. Shekara talatin da ɗaya yana zama ran Juma'a yana cin kaskonta yana suɗe cokali.

"Matsoraci," in ji Menka. "Munafuki. Ya bar ki da sunan sata."

"Ya bar ni. Ni ma na sha zaginsa a raina. Amma 'ya'yana da waken nan suka girma, sai na ce mu tafi a haka." Dosta ta sa gefen hannu ta raba irin da ke farantin gida biyu. "Ga rabinki. Amma ba yau za ki ɗauka ba. A ƙofar coci kika liƙa mini sunan nan, a can za ki cire shi. Jikokina har yau a makaranta ana ce musu jikokin ɓarauniyar wake."

"Sai dai in mutu."

"To ki mutu. Ni ran Talata ta sama zan shuka, duka."

Ran Lahadi muna fitowa daga coci muka tarar da Menka ta tokare ƙofa da ƙarfenta, a daidai inda ta tsaya wancan karon. Wasu har sun fara ja da baya. Ba ta kalli Dosta ba.

"Ku tsaya, ba cizonku zan yi ba. Abin da na faɗa a nan shekara talatin da ɗaya, ƙarya ne. Dosta ba ta saci komai ba. Ni na yi mata ƙazafi, ni na hana ta lokacin da 'ya'yanta ke jin yunwa." Ta ɗaga hannu ta nuna maƙabarta ta bayan coci, inda ƙasar kabarin ba ta gama kwanciya ba. "Ɓarawon ga shi can kwance. Ya gudu kafin in kama shi."

Wani ya fara dariya, sai ya ga fuskarta ya haɗiye. Kuka take yi, na farko tun rasuwar, baki a buɗe kamar ƙaramar yarinya, tana dukan ƙarfen da tafin hannu. Dosta ce ta matso ta riƙe mata gwiwar hannu. Menka ta fizge, sannan ta bari.

Ranar shuka Zafir ya sauka ba wanda ya kira shi. Ya kafa sanduna, ya sara ramuka, uwarsa na zaune a kujera a bakin gona tana gaya masa bai iya riƙe fartanya ba. Irin yana cinyarta a cikin tsohuwar safar ulu. Ta ɗebo ta zuba masa a tafi.

"Huɗu-huɗu ko, Mama?"

Ta daɗe tana kallon ramukan.

"Uku. Ta huɗun ka sa a aljihu."

"Ta wa?"

"Ina ruwanka? Duk ɗan banzan da ya zo ya roƙa." Ta share hanci da bakin ɗankwali. "Sunkuya ka yi aiki. Sanyin jiki kamar ubanka."